Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu Kan Ofishin 'Yan Mazan Jiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe mai girma Ciyaman, da mataimakinka, da kansilolinmu masu daraja. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan wannan nauyi da jama'a suka ɗora muku, Ya sa ku sauke shi lafiya.

Ni ne sakataren reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya na wannan ƙaramar hukuma, samanja ne mai ritaya. Da yawun 'yan reshen baki ɗaya nake magana: dattawanmu da suka yi yaƙin basasa, da mu da muka je Laberiya da Saliyo, da ƙannenmu da suka dawo daga dajin Sambisa da bakin Tafkin Cadi, da matan abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya, da marayunsu. A zamanmu na wannan wata aka karanta mana takardar da ta fito daga sakatariya, wai mu kwashe kayanmu daga ofishinmu na bakin kasuwa domin za a rushe shi a gina shaguna. Mun ba da amsa a rubuce. Shugabanmu, duk da ciwon ƙafa da yake fama da shi, ya taka har sakatariya, aka ce ya koma za a neme shi, har yau ba a neme shi ba. Soja bai saba kai kuka bainar jama'a ba, horon da aka yi mana shi ne ka bi ta kan na gaba da kai. Mun bi ta nan ɗin, ƙofa ba ta buɗe ba, shi ya sa dattawa suka umarce ni in rubuta wannan a fili, yadda kai da jama'ar da suka zaɓe ka za ku karanta tare.

Kafin in zo kan kokenmu, ina so a san wace ce wannan ƙungiya, domin mun lura wasu matasan ma'aikata suna yi mata kallon majalisar tsofaffi masu hira a gindin bishiya. Dokar ƙasa ce ta kafa ta tun 1964, sunanta a takardun gwamnati Nigerian Legion. Tana da hedikwata a Abuja da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi, kuma shugaban ƙasa ne babban uban ƙungiya. Aikin da aka ɗora mata shi ne kula da jin daɗin waɗanda suka yi wa ƙasa aikin soja, na ƙasa ko na ruwa ko na sama, da iyalan da suka bari.

Mutanen da ƙungiyar ta tara kuwa sun girmi dokar nesa ba kusa ba. Rundunar sojan Najeriya tana ƙirga asalinta ne daga 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwa Bature mai suna Glover ya tara mutum 18 a Legas, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Tun daga nan har tsawon shekaru masu yawa na mulkin Turawa, Hausa ce harshen bariki, ko kurtu Batibi ne ko Bazazzagi ko mutumin Zuru. 'Ya'yan ƙasar nan sun yi yaƙi a Garwa da Mora ta ƙasar Kamaru tsakanin 1914 da 1916. A yaƙin Hitila sun ratsa Mogadishu suka shiga Habasha a 1941, daga baya aka ɗiba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, aka tura su dazuzzukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Su ne suka yi fama da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945. Wanda ya taɓa mamakin inda aka samo sunan barikin Dalet na Kaduna, ko Arakan da Myohaung na Legas, ko Chindit na Zariya, to daga can ne. Barikin Bukavu na Kano kuma ya samo nasa daga Kwango, inda sojojinmu suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964.

Waɗanda suka dawo daga Bama su ne suka fara zama a wannan fili da ake so a tashe mu. Hakimi na wancan lokaci ne ya nuna musu wurin, zamanin En'e, sannan kasuwa ba ta iso nan ba, ciyawa ce da kuka guda. Suka kafa rumfa, daga baya suka yi tubali da hannunsu suka ɗora langa-langa. Na taso na tarar da ragowarsu. Akwai wani dattijo a cikinsu, ba shi da ko igiya ɗaya a kafaɗa, domin a cikin masu dako ya yi nasa yaƙin. A dajin da mota ba ta shiga, alfadari ma ba ko'ina yake bi ba, su ne suke ɗaukar akwatunan harsashi da abinci a ka, yawancinsu babu bindiga a hannu, adda kawai. Idan ya tuɓe hula za ka ga tsakiyar kansa ba gashi, fatar ta yi kanta. Ba ya son ba da labarin yaƙi. Amma duk ranar zama shi ne na farko, ya share tsakar wurin, ya shimfiɗa tabarmi, ya zauna yana jiran sauran. Sunansa yana cikin littafin rajistarmu na farko, wanda har yanzu muke ajiye da shi a akwatin ƙarfe, da lambarsa ta soja da ƙauyensu da sunan magajinsa.

Yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, shi ya cika reshen nan. Kafin yaƙin sojan ƙasar duka bai wuce kimanin dubu 10 ba, ana gamawa ya kai wajen dubu 250. Kusan babu unguwar da ba ta ba da ɗa ba. Da aka fara rage yawan soja a shekarun 1970, sai ga su suna dawowa gida, wani da sanda, wani ba ido ɗaya, wani lafiya ƙalau a jiki amma ba ya iya barci. A lokacin ne aka faɗaɗa ofishin aka yi zaure da ɗaki biyu, da karo-karon 'yan ƙungiya. Bayansu sai waɗanda suka je aikin wanzar da zaman lafiya a Labanan da Cadi, sai mu da muka shiga ECOMOG, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta sauka tashar jiragen ruwan Monrovia a watan Agustan 1990, muka zarce Saliyo, wasunmu suna Freetown lokacin da 'yan tawaye suka afka wa birnin a Janairun 1999. Sai waɗanda suka je Darfur da Mali. Yanzu kuma sababbin da ke shigowa yaran da muka ga haihuwarsu ne, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a Borno da Yobe tun daga 2009.

An ce mana wai ba mu da takardar mallakar filin. Gaskiya ne babu ita a hannunmu. A zamanin da aka ba da wurin, kalmar hakimi a gaban dagaci da shaidu ta ishi kowa, abin da aka rubuta kuma yana ofishin En'e, kuma kowa ya san yadda takardu suka watse bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Amma gidan hakimi yana nan, dattawan kasuwa suna nan, babu wanda zai ce ya taɓa sanin wannan wuri da wani suna in ba ofishin tsofaffin sojoji ba. Idan rashin takarda ne matsala, ai ƙaramar hukuma ce ya kamata ta taimaka mana mu samu, ba ta mai da shi hujjar tashinmu ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da za a rasa idan aka rushe wurin nan, kuma wannan shi ne kokenmu na farko. Biyan fansho aikin gwamnatin tarayya ne, ta hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja, ba mu ɗora maka shi ba. Amma tsakanin tsohon soja da ke ƙauye da wannan hukuma akwai tafiya mai nisa, kuma ofishinmu ne gadar. Idan lokacin tantancewa ya zo, nan ake taruwa. Mu ne muke aika yara a babur su sanar da na ƙauyuka, mu ne muke duba takardar sallama da lambar banki da katin ɗan ƙasa mu ga ko sunaye sun yi daidai, domin harafi ɗaya idan ya bambanta, Muhammadu a nan, Mamman a can, sai kuɗin mutum ya tsaya wata da watanni. Yanzu da abubuwa suka koma ta waya da na'ura, dattijon da ya haura tamanin, wanda noma ya cinye zanen yatsunsa har na'ura ba ta karantawa, wa zai zauna da shi ya yi ta gwadawa in ba mu ba?

Matan mamata sun fi kowa buƙatar wurin. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo daga wani ƙauye na bayan kogi, mijinta ya yi yaƙin basasa, ya rasu da damina. Ta kwance bakin zanenta ta ciro leda, a ciki akwai littafin sallamarsa, gara ta cinye kusan rabinsa, lambar sojan ma saura ƙarshenta. Ba ta iya karatun boko ba, 'ya'yanta maza suna ci-rani a Kudu. Wani ya riga ya karɓi kuɗinta a tasha da sunan zai kai mata takardu Abuja, bai sake waiwayarta ba. Muka buɗe tsohon littafin rajista, muka bi sunayen ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya har muka samo cikakkiyar lambar marigayin da rubutun sakataren wancan zamani. Da wannan lambar aka shirya mata takardun magada. Da ta zo ta tarar da shagon sayar da katin waya a wurin, ina za ta dosa? Irin waɗannan mata ba su san lambar wayar kowa ba, wurin suka sani, domin nan mazajensu suke cewa za su je duk ƙarshen wata.

A nan ne kuma muke haɗa kuɗin likkafani da na akwatin gawa, domin a cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista. Akwai Bahaushe da Bafulatani da Bazuru da Ba'angashe da Batibi, har da Bayarabe da Inyamuri da aiki ya kawo su Arewa suka yi aure suka zauna. Idan Musulmi ya rasu, Kiristocinmu suna tsaye a bakin maƙabarta har a rufe shi, idan Kirista ne mu ma muna ƙofar coci. Ka duba garin nan da kyau, ranka ya daɗe, ka ƙirga wuraren da suka rage inda waɗannan mutane suke zama a tabarma ɗaya ba don siyasa ba, ba don ciniki ba. Duk lokacin da hankali ya tashi a gari, manyan kowane ɓangare sun san inda za su sami wanda zai kai saƙo ɗaya ɓangaren a saurare shi. Wannan zaman ba a saye shi da kuɗi ba, a rami ɗaya aka kwana ana ruwan wuta, shi ya haifar da shi.

Ba mu ƙi shaguna ba. Mun san ƙaramar hukuma tana neman kuɗin shiga, mun san matasa suna neman wurin sana'a, 'ya'yanmu ne. Gaban filin da ke kallon titi yana da faɗin da zai ɗauki jerin shaguna ba tare da an taɓa zauren ba. Da an kira mu tun farko, da mu da kanmu za mu kawo wannan shawara.

Koke na biyu shi ne na gadi. Ƙungiyarmu tana da sashen masu gadi da doka ta san da shi, masu kaki da bel da hula, ana ganinsu a ƙofofin ma'aikatu a faɗin ƙasar nan. Shekara da shekaru mutanenmu ne suke tsaron ƙofar sakatariya da asibitin gari da makarantun kwana da rumbun taki. Bara aka sallame su rana ɗaya, aka ba wani kamfani kwangila, har da bashin wasu watanni da ba a biya ba. Ɗan abin da suke samu a wurin shi ne cikon fansho, kuma kowa ya san abin da fansho yake iya saya tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wani kofur a cikinmu da ya yi shekaru yana ƙofar makarantar 'yan mata, ya san kowane uba da kowane ɗan acaɓa da ke sauke yara, yanzu yana tura baro a kasuwar hatsi da harsashi a cinyarsa tun na Saliyo. Ba mu raina yaran da aka kawo ba, su ma abinci suke nema. Amma tsaron makarantar kwana a wannan zamani, bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, ya wuce a ba yaro riga da tocila a ce ya zauna a benci. Mai gadi ba zai tare 'yan bindiga da sanda ba, mu ma ba mu ce za mu iya ba. Amfanin wanda ya san aiki shi ne ya lura da baƙuwar fuska da ke zagaye tun kwana uku kafin a zo, ya san inda katanga ta faɗi, ya san wanda zai kira da hanyar da zai bi da yara idan ya ji ƙarar babura da tsakar dare.

Wannan ya kawo ni kan koke na uku, wanda ya fi ci mana rai. Ana zaman kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma, baturen 'yan sanda yana nan, jami'an farin kaya suna nan, hakimai da malamai da shugaban 'yan banga duk suna nan, amma babu kujera ko ɗaya ta tsofaffin sojoji. A da ana gayyatar shugabanmu, sai aka daina ba tare da an faɗi dalili ba. Alhali idan ana neman mutanen da suka san yadda ake tsare gari a wannan ƙaramar hukuma, in ka cire jami'an da ke bakin aiki, mu ne. Kada a ɗauka dukanmu tsofaffi ne tukuf. Wanda ya shiga Depot na Zariya, inda ake horar da kuratan soja, yana ɗan shekara 18 ko 20, ko da ya cika shekara 35 ɗinsa cif a aiki, yana fita ne bai kai sittin ba. Da yawa kuma tun kafin nan suke ajiye kaki. A reshenmu akwai waɗanda suka koyar da kurata, akwai masu aikin sadarwa, akwai masu ba da agajin farko a bakin daga, akwai waɗanda suka san nakiyar da ake binnewa a hanya da ido.

A wasu ƙasashe irin waɗannan mutane ba a barinsu su watse. A Jamus akwai ƙungiyar sojojin ko-ta-kwana tun 1960, tana da ƙananan rassa a garuruwa, suna haɗuwa suna sabunta horo, suna fita taimako idan an yi ambaliya, suna kula da kaburburan waɗanda suka mutu a yaƙi. Mu ma dokar rundunonin sojanmu ta yi tanadin dakarun ajiya daga cikin waɗanda suka bar aiki. Yadda za a raya wannan tanadi magana ce ta Abuja, ta fi ƙarfin ofishinka. Abin da bai fi ƙarfinka ba shi ne amfani da mutanen da ke zaune a gabanka.

Dubi yadda ake tafiyar da 'yan sa-kai. Tun da matasan Maiduguri suka tashi da gora a 2013, jama'a suka gane cewa ɗan gari yana da rawar takawa. Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta bi da Askarawanta a Janairun 2024. Mu a nan muna da 'yan banga masu zuciya, muna jinjina musu, wasunsu sun ba da rayukansu. Amma na tsaya na kalli yadda suke fita sintiri, kuma raina ya ɓaci, ba don su ba, don waɗanda suka tura su haka. Suna tafiya a dunƙule wuri ɗaya, bakin bindigar na baya yana kallon ƙeyar na gaba, tocila a kunne, waya tana ƙara. Idan aka harbi ɗaya a cinya babu wanda ya san yadda ake ɗaure jijiya jini ya tsaya, sai a ɗora shi a babur ya ƙarasa a hanya. Waɗannan abubuwa ne da saje ɗaya zai gyara cikin 'yan makonni a filin makarantar firamare.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Mutumin da aka ba makami ba a koya masa lokacin da ba a harbi ba, haɗari ne ga garinsu. Mun ga yadda a wurare da dama a Arewa maso Yamma kama mutum a kasuwa don kamanninsa ko yarensa, a kashe shi ba shari'a, ya jawo ramuwar gayya da ta cinye ƙauyuka. Mu mun ga ƙarshen wannan hanya da idonmu a Laberiya, inda yara ƙanana suke tare hanya suna tambayar mutum ƙabilarsa kafin su yanke masa hukunci. Wanda ya ga wannan ba zai so ya gan shi a gida ba. Abin da za mu fara koya wa ɗan banga shi ne wanda ka kama ka miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa, ka rubuta abin da ya faru, ka san wanda kake karɓar umarni daga gare shi. Ba bindiga muke nema a ba mu ba, kuma ba mu neman mu zama wata runduna ta daban. Mun rantse da biyayya ga doka tun muna samari, ritaya ba ta warware rantsuwar ba.

Sai maganar ƙannenmu da suka dawo daga Arewa maso Gabas. Wasunsu suna dawowa da ciwon da ba a gani. Ƙarar tayar mota ta fashe sai ka ga mutum ya kwanta a ƙasa, dare ya yi ba barci, faɗa da iyali ba dalili, daga nan sai ƙwaya. Iyayensu suna kai su wurin masu ruƙiyya, wasu a ɗaure su a ɗaki. Yaron da ba zai buɗe baki ga mahaifinsa ko likita ba, sai ka ga ya zauna a bayan zaurenmu da wani tsohon da ya yi yaƙin basasa a Onitsha ko Owerri, suna magana ƙasa-ƙasa har la'asar. Ba mu ce mu likitoci ba ne, shi ya sa muke neman a haɗa mu da su. Amma mu ne muke fara ganewa, kuma mu ne suke yarda su bi zuwa asibiti.

Na ƙarshe shi ne 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yi tare da sauran ƙasashen rainon Ingila, aka mai da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A Abuja da manyan biranen jihohi ana addu'a a masallacin Juma'a da coci, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru. A nan kuwa shekarun baya-bayan nan mu kaɗai muke fareti a gaban ofishinmu, da begilarmu da ta lotsa, babu wakilin hukuma ko ɗaya. Bajen tunawa da ake sayarwa don tallafa wa matan mamata da naƙasassu, a kan kawo mu sakatariya a ɗauki hoto ana maƙala wa manya a ƙirji, a yi alkawarin gudummawa a lasifika, mu dawo mu yi ta jira. Matan suna jin sanarwar a rediyo, su zo su tambaye mu rabonsu, wasu har suna zargin mun ci. Wannan zargi ya fi rashin kuɗin zafi a wurinmu.

Kun ga a labarai yadda tun daga 2022 tsofaffin sojoji suka yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan haƙƙoƙinsu. Mu ba mu so abin ya kai mu ga shimfiɗa tabarma a ƙofar sakatariyar garinmu, gaban 'ya'yanmu da jikokinmu. Saboda haka ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A janye takardar tashin nan a rubuce, kamar yadda aka aiko ta a rubuce. A turo ma'aikatan filaye su auna wurin a gaban wakilin hakimi da dattawan kasuwa, ƙaramar hukuma ta rubuta mana takardar shaida da sunan ƙungiya, ba da sunan wani mutum ba, ta kuma mara mana baya mu nemi ta jiha. Idan za a yi shagunan, a yi su a gaban filin, a bar zauren da ɗakunan, a ware wasu daga ciki a ba matan mamata haya mai sauƙi.

A biya masu gadinmu bashin watannin da suke bi. Idan kwangilar kamfanin ta ƙare, a dawo da su aƙalla makarantun kwana da asibiti, ko kuma a sa wa duk kamfanin da za a ba sharaɗin ya ɗauki mutanenmu su shugabanci yaransa.

A mayar wa shugaban reshe kujerarsa a kwamitin tsaro. A ba mu izini, ƙarƙashin kulawar baturen 'yan sanda da sanin kwamandan sojojin da ke yankin, mu riƙa horar da 'yan banga kan tafiyar sintiri, da agajin farko, da ladabin kama mai laifi. Fili da ruwan sha da kayan ɗaurin rauni kawai muke buƙata. Za mu kawo jerin sunayen masu koyarwa da takardun sallamarsu, a bincika kowa kafin a amince da shi.

A sa shugaban sashen lafiya ya ware rana ɗaya a wata da ma'aikacin lafiya zai zo ofishinmu ya auna hawan jini da sukari, ya kuma rubuta wa masu ciwon damuwa takardar zuwa asibitin ƙwararru. A lokacin tantancewa kuma a ba mu aron mota ɗaya ta ɗauko waɗanda ba sa iya hawa babur.

Gudummawar 15 ga Janairu, komai ƙanƙantarta, a sa ta cikin kasafin kuɗi, a biya ta asusun ƙungiya na banki, a kuma sanar da adadin a fili yadda matan za su ji da kunnensu. Mu ma za mu liƙa lissafin yadda aka raba a ƙofar ofis.

Muna zama ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata da hantsi. Muna gayyatarka kai da kansilan mazaɓar kasuwa zuwa zama mai zuwa, ka ga littattafan da idonka, ka ji daga bakin matan da dattawan. Idan ranar ba ta yi maka ba, ka sa wadda ta yi, za mu zo sakatariya. Abin da muke roƙo dai kada katafila ta taɓa ginin kafin a yi wannan zama.

Allah Ya ƙara wa Ciyaman lafiya da basira, Ya zaunar da ƙaramar hukumarmu da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sakataren reshe, a madadin shugaba da dukan 'yan ƙungiya.